Fashin Baƙi: Me Madugun Makaɗa Yake Yi da Sandarsa, Kuma Me Ya Sa Ake Yawan Ambaton Toscanini?

Mene ne ainihin aikin mutumin nan da ake gani a bidiyo ya juya wa 'yan kallo baya, yana kaɗa ɗan siririn sanda a gaban makaɗa kusan 100, alhali shi kansa ba ya busa komai, ba ya kaɗa komai? Idan kuma aikinsa bai wuce kiɗa ba, me ya kawo hukumomi cikin maganar wanda zai riƙe wannan sanda? A watan Fabrairun 2022, bayan da sojojin Rasha suka shiga Yukren, magajin garin Milan, Giuseppe Sala, ya nemi madugun makaɗa ɗan Rasha Valery Gergiev da ya fito ya yi tir da yaƙin, in ba haka ba ya haƙura da aikin da yake yi a La Scala, gidan opera mafi daraja a Italiya. Gergiev bai ce uffan ba, aka maye gurbinsa, sannan birnin Munich na Jamus ya sallame shi daga shugabancin ƙungiyar makaɗansa. Duk lokacin da irin wannan muhawara ta taso a Turai, sunan da yake fara zuwa bakin mutane shi ne na Arturo Toscanini, madugun makaɗa Ba'italiye da ya rasu tun 1957. Masu kafa hujja da shi suna da yawa, amma waɗanda suka tsaya suka duba abin da ya yi a zahiri kaɗan ne, kuma rayuwarsa ce ta fi kowacce bayyana amsar tambayoyin nan biyu.

Mece ce opera, kuma ina madugu ya shigo?

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera kusan dukkan maganganunsa da waƙa, tare da rakiyar babbar ƙungiyar makaɗa. Ta samo asali ne a Italiya wajajen shekarar 1600, kuma a ƙarni na 19 ta zama nishaɗin da ya haɗa attajiri da talaka a biranen ƙasar. A dare guda ana iya samun manyan mawaƙa a kan dandamali, da 'yan amshi masu yawan gaske a bayansu, da makaɗa 70 ko fiye da haka a wani rami da ke gaban dandamalin, kowane rukuni da nasa kayan kiɗan da nasa lokacin shigowa.

A waƙar Hausa ta gargajiya, mawaƙin da ya ƙirƙiro waƙar shi ne yake tsaye a gaba, makaɗansa da 'yan amshinsa suna bin numfashinsa, idan ya ja su ja, idan ya tsaya su tsaya. A opera kuwa, wanda ya tsara kiɗan sau da yawa ya daɗe da rasuwa, abin da ya bari kawai shi ne wani ƙaton littafi da aka rubuta sautin kowane goge, kowace sarewa da kowace murya a layuka, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Kowane makaɗi nasa layin kaɗai yake gani a gabansa. Madugu ne kaɗai yake riƙe da littafin gaba ɗaya, shi ne yake yanke saurin tafiyar kiɗan, da inda za a sassauta, da inda za a ɗaga sauti, da yadda makaɗa za su rage ƙarfi don kada su binne muryar mawaƙi. Bisa al'ada hannun dama ne yake nuna lokaci, hannun hagu kuma yana ba da alamar shigowa da ta ƙarfi ko laushi. Sai dai abin da 'yan kallo suke gani a daren wasa ƙarshen aiki ne kawai, domin mafi yawansa an riga an yi shi a kwanaki da makonnin bita, inda madugu yake tsayar da kowa a kan jimla guda har sai ta fita yadda yake jin ta a kansa.

Daga Parma zuwa Rio

An haifi Toscanini a garin Parma a ranar 25 ga Maris, 1867. Mahaifinsa tela ne wanda ya taɓa bin rundunar Garibaldi a yaƙe-yaƙen haɗa kan Italiya, kuma wannan gado na ƙin mulkin danniya yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Yana ɗan shekara 9 ya shiga makarantar koyon kiɗa ta garinsu, inda ya ƙware a kan celo, wato babban gogen da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi, ya kammala a 1885.

A 1886 ya bi wani ayarin 'yan opera zuwa Brazil a matsayin makaɗin celo. A Rio de Janeiro rigima ta ɓarke tsakanin mawaƙan Italiya da madugun da aka ɗauka a can, madugun ya ajiye aiki, 'yan kallo kuma suka yi wa wanda ya fito a madadinsa ihu har ya sauka. Da aka rasa yadda za a yi, sai wasu daga cikin ayarin suka tura yaron nan ɗan shekara 19, saboda sun san ya haddace wasan da za a yi daga farko har ƙarshe. Wasan shi ne Aida na Giuseppe Verdi, labarin wata gimbiyar Habasha da aka kama baiwa a Masar, wanda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871 bisa buƙatar mai mulkin Masar na lokacin, Khedive Isma'il. Toscanini ya jagoranci daren da ka, ba tare da dogaro da littafi ba, kuma daga ranar bai daina ba. Ganinsa yana da rauni ƙwarai, ba ya iya karanta rubutu daga nesa, don haka haddar ta zama masa tilas, amma ta ba shi wani abu da sauran ba su da shi: idanunsa kullum suna kan makaɗa, ba a kan takarda ba.

Da ya koma gida bai raina ƙaramin matsayi ba. A watan Fabrairun 1887 ya zauna cikin makaɗan celo a La Scala lokacin da aka fara nuna Otello, sabon wasan Verdi, inda tsoho Verdi da kansa yake kula da bitar. Bayan haka ne aka riƙa damƙa masa sababbin ayyuka: Pagliacci na Leoncavallo a Milan a 1892, da La bohème na Puccini a Turin a 1896. A 1898, yana ɗan shekara 31, aka naɗa shi babban madugun La Scala.

Gyaran da ya jawo masa baƙin jini

Wanda ya shiga gidan opera a yau zai tarar da duhu da tsit, ya zaci haka abin yake tun asali. Ba haka ba ne. A Italiyar ƙarni na 19 gidan opera wurin zumunci ne: fitilu a kunne daga farko har ƙarshe, masu kuɗi suna ziyartar juna a ɗakunan kallo da iyalansu suka mallaka, ana hira, ana shigowa a makare, sai idan shahararren mawaƙi zai rera baitin da kowa yake jira sannan a saurara. Idan baitin ya yi daɗi, a yi ta ihu har sai an maimaita shi, ko da labarin ya tsaya cik. Mawaƙan su ma suna ƙara ado ko su ja sauti yadda suka ga dama, madugu kuwa aikinsa bin su.

Toscanini ya juya wannan tsari. Ya sa a riƙa rage fitilun zauren, ya hana mata zama a kujerun ƙasan zauren sanye da manyan hulunan da suke tare wa na baya gani, ya dage a kan bita mai tsawo, ya kuma sa ƙafa ya shure al'adar maimaici. A 1903, a wani dare da ake nuna wani wasan Verdi, 'yan kallo suka nace sai an maimaita wata waƙa, shi kuma ya ƙi, ya fice daga gidan, bai dawo ba sai 1906. A zamansa na biyu ne aka haƙa ramin makaɗa a La Scala, domin sautinsu ya daidaita da na mawaƙa, su kuma daina tare dandamali. Daga 1908 zuwa 1915 yana gidan opera na Metropolitan a New York, sannan ya koma La Scala daga 1921 zuwa 1929, a lokacin da aka sauya tsarin gidan ya zama hukuma mai cin gashin kanta, ikon masu ɗakunan kallo ya ragu.

A ganina wannan gyara ya fi duk abin da ya yi daga baya tasiri, domin ya sauya abin da ake zuwa kallo. Kafin shi, mutane suna zuwa ne don jin muryar wane; bayansa, suna zuwa don ganin aikin Verdi ko Puccini a matsayin abu guda mai farko da ƙarshe. Amma bai kamata a ɓoye hasarar ba. Talakan Milan da yake zama can sama a kujeru masu arha, wanda ihunsa da tafinsa suke da iko a kan abin da ke faruwa a dandamali, ya koma mai sauraro kawai, kuma har yau akwai masu ganin cewa tun daga nan opera ta fara zama abin da mutum yake jin nauyin shiga.

“Kamar yadda aka rubuta”

Taken da aka san Toscanini da shi shi ne a yi kiɗa kamar yadda mai shi ya rubuta. Mutane da yawa sun fahimci wannan a matsayin cewa madugu na'ura ce mai ƙirga lokaci, kuma masu sukarsa sun yi amfani da hakan suna cewa kiɗansa yana da sauri da kaifi amma ba shi da zurfi. Suna kwatanta shi da madugu Bajamushe Wilhelm Furtwängler, wanda yake barin saurin kiɗa ya riƙa sauyawa gwargwadon abin da ya ji a zuciyarsa a wannan daren.

Gaskiyar maganar ta fi haka sarƙaƙiya. Rubutun kiɗa ba ya iya ɗaukar komai, kuma Toscanini ya san haka. Ya riƙa ba da labarin yadda a 1898 ya je wurin Verdi ya kaɗa masa wani sabon aikinsa na coci a kan piyano, ya ɗan sassauta a wani wuri da ba a rubuta a sassauta ba, Verdi kuma ya yaba masa, yana mai cewa ya ƙi rubutawa ne don kada makaɗi marar hankali ya wuce gona da iri. Masu binciken littattafan da ya yi aiki da su sun kuma tarar cewa shi ma yakan gyara wasu wurare da alƙalaminsa don sautin ya fita sarai. Abin da yake yaƙi da shi shi ne al'adun da suka taru a kan aiki saboda lalaci ko son a tafa wa mawaƙi. Misalin da ya fi nuna matsayinsa ya faru ne a ranar 25 ga Afrilu, 1926, a daren farko na Turandot. Puccini ya rasu a 1924 bai ƙarasa wasan ba, Franco Alfano ne ya ƙarasa shi. Da aka kai inda alƙalamin Puccini ya tsaya, Toscanini ya ajiye sanda, ya juyo ya shaida wa jama'a cewa a nan marubucin ya rasu, aka rufe labule.

Shi da Mussolini

Abin da masu yabonsa sukan tsallake shi ne cewa a 1919 Toscanini ya yarda aka sa sunansa cikin 'yan takarar majalisa na ƙungiyar Benito Mussolini a Milan. A lokacin shirin ƙungiyar yana ɗauke da alkawura irin su ba mata ƙuri'a da ɗora haraji a kan dukiyar masu hali, kuma jerin 'yan takarar ya sha kaye, ba wanda ya ci. Da ƙungiyar ta koma ta 'yan daba masu baƙaƙen riguna, Mussolini kuma ya karɓi mulki a 1922, Toscanini ya juya mata baya gaba ɗaya.

Rikicin ya taru ne a kan taken jam'iyyar Mussolini, Giovinezza, wanda gwamnati take so a riƙa kaɗawa kafin wasanni a ranakun buki. Toscanini ya ƙi, hujjarsa kuwa ita ce gidan opera ba dandalin siyasa ba ne. A daren Turandot ma Mussolini yana Milan, amma bai halarta ba saboda madugun ya ƙi yarda da taken. A ranar 14 ga Mayu, 1931, a Bologna, an gayyace shi ya jagoranci taron tunawa da marigayi mai tsara kiɗa Giuseppe Martucci, kuma akwai manyan jami'an gwamnati a gari. Ya sake ƙi. 'Yan jam'iyya suka tare shi a ƙofar gidan wasan suka mammare shi, dattijo ɗan shekara 64. Aka karɓe masa fasfo na wani lokaci, aka sa masa ido, ana sauraron wayarsa. Mai karatu zai fi gane irin gwamnatin da ake magana a kai idan ya tuna cewa a watan Satumban wannan shekara ce ta rataye Umar Mukhtar a Libiya, shekara 4 bayan haka kuma ta afka wa Habasha. Daga ranar Bologna bai sake jagorantar makaɗan Italiya a cikin ƙasar ba sai bayan faɗuwar gwamnatin.

Haka ya yi da Jamus. Shi ne baƙo na farko da ba Bajamushe ba da ya jagoranci bikin wasannin opera na Richard Wagner da ake yi a garin Bayreuth, a 1930 da 1931, amma da Hitila ya hau mulki a 1933 ya fara korar Yahudawa daga ayyukansu, sai ya janye, duk da wasiƙar da Hitila ya rubuto masa. Ya koma bikin Salzburg na Ostiriya, ya bar shi a 1938 da ƙasar ta miƙa wuya ga 'yan Nazi. A watan Disamban 1936 ya jagoranci wasan farko na wata ƙungiya da makaɗin goge Bronisław Huberman ya kafa a Falasɗinu, lokacin tana ƙarƙashin Ingila, don makaɗa Yahudawa da aka kora daga Turai, bai karɓi ko sisi ba, ya kuma kai su Alƙahira da Iskandariyya a farkon 1937. Ita ce ta koma ƙungiyar makaɗan Isra'ila bayan kafa ƙasar a 1948.

Furtwängler ya zaɓi wata hanya, ya zauna a Jamus yana jagorantar makaɗan Berlin har kusan ƙarshen yaƙi. Hujjarsa ita ce Jamusawa sun fi buƙatar kiɗan Beethoven a ƙarƙashin zalunci, kuma an tabbatar da cewa ya taimaki wasu makaɗa Yahudawa. Toscanini yana ganin cewa duk wanda ya tsaya a dandamalin azzalumi ya ara masa mutuncinsa, ko ya so ko bai so ba. Wannan saɓani nasu shi ne har yau ake maimaitawa da sababbin sunaye.

Rediyo da shigarsa gidajen talakawa

Bayan shekarun da ya yi da ƙungiyar makaɗan New York har zuwa 1936, kamfanin rediyo na NBC a Amurka ya kafa masa ƙungiya ta musamman don watsa kiɗa ta rediyo, aka fara a daren Kirsimeti na 1937. Shekara 17 ya yi yana wannan aiki, kuma iyalan da ba su taɓa taka gidan opera ba suka riƙa jin Verdi da Beethoven a falonsu kyauta. A 1949 an nuna shi a talabijin yana jagorantar Aida, wasan da ya fara da shi a Rio. A tsakani ya koma Milan ya buɗe La Scala a ranar 11 ga Mayu, 1946, bayan an sake gina ta daga ɓarnar bama-baman 1943. A 1949 aka ba shi kujerar sanata ta har abada, ya ƙi karɓa. A wasansa na ƙarshe, ranar 4 ga Afrilu, 1954, haddar da ta ɗauke shi shekara 68 ta kuɓuce masa na ɗan lokaci a tsakiyar wani kiɗan Wagner, kuma bai sake fitowa gaban jama'a ba. Ya rasu a New York a ranar 16 ga Janairu, 1957, aka kai gawarsa Milan.

Masu sukar wannan zamani na rediyo suna cewa kamfani ya mayar da shi haja, yana tallata shi a matsayin madugun da ba a taɓa yin kamarsa ba, shi kuma yana ta maimaita ayyukan mamata 'yan ƙalilan, sababbin marubutan kiɗa ba su samu gurbi sosai ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ko da yake mutumin da ya fara gabatar da La bohème ga duniya ba za a ce bai taɓa tallafa wa sabon aiki ba.

Shin misalinsa ya dace da rigingimun yau?

A nan ne nake ganin ana yawan kuskure. Toscanini ya ƙi bin umarnin gwamnatin ƙasarsa ne, a lokacin da ƙin yake da haɗari ga jikinsa da iyalinsa, kuma ba wanda ya tilasta masa ɗaukar matsayin. Abin da aka nema daga Gergiev kuwa shi ne ya furta wata magana bisa buƙatar hukumar wata ƙasa, in ba haka ba ya rasa aiki. Masu goyon bayan korar suna cewa Gergiev ba ɗan kallo ba ne, tun da ya daɗe yana bayyana goyon bayansa ga Vladimir Putin, har ya sa hannu a wasiƙar amincewa da matakin Rasha a kan Kirimiya a 2014, don haka shi ne ya fara shigo da siyasa cikin kiɗa. Masu adawa da korar suna cewa tilasta wa mai fasaha ya yi rantsuwar siyasa kafin ya yi aiki yana kama da abin da Toscanini ya ƙi, ko da manufar ta bambanta. Rayuwar Toscanini ta tabbatar da cewa madugu ba zai iya fakewa da sandarsa ya ce ba ruwansa da wanda yake yi wa kiɗa ba, amma ba ta ba wata hukuma izinin tsara wa mutum kalmomin da zai faɗa ba.

Makaɗan da ke ƙarƙashin sanda

Akwai wani ɓangare da bai kamata girman mutumin ya rufe ba. Wanda ya ƙi rusuna wa Mussolini shi ne kuma yake mulkin makaɗansa da tsawa. An naɗi wasu daga cikin bitocinsa, ana iya jin su a intanet, yana ihu, yana zagi, kuma labarin karya sanduna da jifa da littafi sananne ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aiki da shi sun ce sun jure ne saboda ya fi matsa wa kansa fiye da kowa, kuma fushinsa a kan kiɗa yake, ba a kan neman girma ba. Wannan uzuri ne da makaɗin yau ba zai karɓa ba, kuma ina ganin yana da gaskiya, domin tsoron rasa abinci ne yake sa magidanci ya haɗiye zagi a gaban abokan aikinsa, ba ƙaunar Verdi kaɗai ba.

Ƙungiyoyin ƙwadago da kwangilolin aiki sun sauya wannan alaƙa, har a wasu ƙungiyoyin, kamar ta Berlin, makaɗa ne suke zaɓen madugunsu da ƙuri'a. A La Scala ɗin kanta, madugu Riccardo Muti, wanda ya yi karatu a hannun Antonino Votto, tsohon mataimakin Toscanini, ya riƙe gidan daga 1986 da irin wannan tsanani na bin abin da aka rubuta. A 2005, bayan rikici a kan shugabancin gidan, mafi yawan makaɗa da ma'aikata suka kaɗa ƙuri'ar neman ya sauka, ya kuma ajiye aikin a watan Afrilun shekarar.